Saniyar da Kwamfuta Ta Kira Ɓauna

Flore mai shara ce ta fara ganinsa, ranar Litinin da safe. Ta buɗe ƙofar ɗakin binciken nan na bayan unguwar Jambutu, wanda duk Garwa ke kira labo, ta taka ciki, silifas ɗinta ya manne da ƙasa. Dokta Norbert ne kife tsakanin teburinsa da babban firijin ajiyar nama. An sare shi a wuya, an sare hannun da ya ɗaga don ya kare kansa, jinin ya malala har ƙarƙashin kujeru ya daskare. Kwamfutarsa ta hannu an maka ta da ƙasa ta rabe biyu. Kusa da kansa an yar da wata wuƙar fawa mai ƙotar ƙaho.

Kafin jandarmomi su iso, unguwa ta riga ta gama shari'a. Wa bai san wuƙar Brahim mahauci ba? Wa kuma bai san abin da ya shiga tsakaninsa da mamacin ba? Aikin labon nan shi ne duba naman da hukuma ta kama, a gane na dabbar gida ne ko na dabbar dajin da aka hana farauta. A watan jiya aka kwashe naman Brahim aka kawo, sakamako ya fito da sa hannun Norbert, ya ce ɓauna ce. Aka rufe masa rumfa. Brahim ya zo ƙofar labo da tsakar rana yana ihu, yana rantsuwa da Allah saniya ya yanka, ya ce Norbert sai ya gani. Mutane sun ji, kuma irin wannan magana ba su iya mantawa da ita ba.

'Yan moto masu acaɓa da samarin dangin Norbert, mutanen duwatsun Poli, suka same shi a ƙofar gidansa yana shan kunu. Ba wanda ya tambaye shi komai. Sai sarƙar babur, sai taɓarya, sai duwatsun gini. Da ya faɗi, wani ya take masa wuyan hannun dama a kan dakali, wani ya ɗaga bulo ya sauke a kan yatsun, ya sake ɗagawa ya sake saukewa. An riga an kawo taya da fetur lokacin da motar jandarma ta kutso tana harbi sama. Da ƙyar aka zare shi daga hannunsu aka kai asibiti, bai san inda kansa yake ba.

Labarin ya iske Abdulhalim a hanyarsa ta dawowa daga dajin Faro. Mai bin sawu ne. Shi masu gadin daji ke sawa a gaba idan ana neman mafarauta, shi kuma jandarmomi ke arowa idan ɓarayin shanu sun tsallaka kogi. Siriri ne marar yawan magana, kullum kansa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Brahim yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ke cin ransa kuwa, ranar da aka yi samame shi da hannunsa ya ɗebi naman daga rumfar yayan nasa, ya haɗa da wuƙar ya kai labo. Da sakamako ya fito, Brahim ya riƙe masa riga ya ce, "Har da kai ka yarda?" Abdulhalim ya ce shi dai abin da ya sani, inji ba ya ƙarya. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

*

Ajidan Eugène, jandarman da aka ɗora wa binciken, yana tsaye a inuwar dalbejiya yana fifita da hularsa. Sun sha aiki tare da Abdulhalim.

"Abdul, bai kamata in bar ka ka shiga ba," in ji shi. "C'est ton frère, yayanka ne."

"Mon adjudant, in shi ne, ni zan fara gaya maka. Ka san na taɓa yi masa."

Eugène ya sani. Ya kauce daga ƙofa.

An ɗauke gawar, amma jinin yana nan. Abdulhalim ya tsuguna a bakin ƙofa, ya daɗe bai motsa ba. Labon yana da doka guda da ko gwamna bai isa ya karya ba: duk mai shiga sai ya tuɓe takalminsa ya sa fararen takalman roba da ke jere a kan kanta, duka girmansu ɗaya, don kada a shigo da dattin waje ya gurɓata gwaji. A cikin jinin sawu iri biyu ne kawai. Akwai silifas ɗin Flore, ya shigo ya koma da gudu. Akwai kuma farin takalmin labo. Ya miƙe ya ɗauki takalman kantar ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa, har ya zo kan wasu da suka fi sauran haske, suna warin javel, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta.

"Mutumin da ya zo da wuƙa yana huci," in ji shi, "shi ne zai tsaya ya canza takalmi? In ya gama ya wanke ya mayar kan kanta?"

"Mai wayo zai yi."

"Hamma Brahim ba shi da wayo. Da yana da shi, da bai zo ya yi ihu a ƙofar nan ba." Ya nuna ƙasa da yatsa. "Kuma duba. Daga gawa ba ƙofa ya nufa ba. Ɗakin ciki ya shiga, ya zauna gaban babbar kwamfuta. Ya daɗe a zaune, har jini ya bushe a ƙarƙashin diddigensa. Hamma kuwa ko lambar waya sai an danna masa."

Eugène ya share gumi. "Sawu ba zai tare samarin can ba. Gobe za a binne Norbert, kuma sun rantse daga maƙabarta asibiti za su wuce su ƙarasa shi. Mutanena ba su kai su tare su ba. Ka kawo mini mutum, Abdul, ba takalmi ba."

*

Ban da Flore mai shara, mutum uku ne ke da makullin labo: Norbert, da mataimakinsa Thierry, da ɗalibarsa Sidonie. Thierry suka fara nema. Ƙato ne mai tumbi, ya girmi Norbert nesa ba kusa ba, shi ke niƙa nama ya fitar da ƙwayoyin halittar da 'yan labo ke kira ADN. Sun same shi a falonsa ƙarƙashin fanka, yana matsar hawaye da hankici mai ƙamshin turare.

"Patron, wuƙar nan a labo take," in ji Abdulhalim. "Ni na kawo ta."

"Oui, oui, amma na mayar masa. Makon jiya ya dawo yana zage-zage, na ce ungo kayanka ka ba mu wuri. Da na san abin da zai yi da ita..." Ya sake danna hankici a ido.

"Wa ya gani?"

"Ni da shi da Allah."

"Jiya Lahadi ina kake?"

"Coci, daga nan gida na kwanta. A wannan zafin wa zai fita?" Sai ya rage murya, ya matso kusa da Eugène. "Ba na son in ɓata yarinya, mon adjudant. Amma ranar Juma'a Sidonie ta yi faɗa da Norbert har ta yi jifa da kujera. Ya hana ta zuwa Yawunde ta kare digirinta. Da kunnena na ji ta ce ya kashe mata rayuwa."

A hanya Eugène ya ce ga sabon zance. Abdulhalim ya ci gaba da tafiya, kansa a ƙasa. Ya lura dai mutumin ya ba su masu laifi biyu kafin ya ba su ruwan sha.

*

Gidan Norbert ya cika. Mata suna waƙoƙin coci a tsakar gida, samari suna waje da adduna, suna zagaya ƙwaryar bilbil, giyar dawa. Wani ya gane Abdulhalim, dutse ya zo ya fasa masa gira. Bai kare ba, bai kuma juya ba. Michel, ƙanen mamacin kuma jagoran samarin, ya shaƙe shi da wuyan riga ya ɗora masa adda a kafaɗa. Sai wata murya daga ciki ta ce a bar shi ya shigo.

Albertine, matar Norbert, tana zaune a kan tabarma, idanunta sun bushe ƙayau.

"Ƙanen wanda ya yanka mini miji ne a gidana?"

"Madam, ni da Norbert mun kwana daji tare, mun ci a kwano ɗaya. Tambaya ɗaya na zo yi. Me ya kai shi labo ranar Lahadi?"

Ta dube shi, ta dubi jinin da ke bin kumatunsa. "Daga coci ya sauke ni ya wuce. Kwanakin nan ba ya iya cin abinci. Ya ce ya sa hannu a kan abin da bai duba da idonsa ba. Ya ce zai kira mutumin su yi magana su biyu kafin ya kai gaba, don kada ya tozarta shi."

"Wane mutum?"

"Wa kuwa, in ba yayanka ba?" Ta kau da kai. "Fita. Gobe in an rufe Norbert da ƙasa, ba zan hana yaran nan komai ba."

Ya fito yana juya maganar. Brahim an riga an tozarta shi, an rufe masa rumfa, ba sauran abin da za a kare masa. Wanda Norbert ke gudun tozartawa yana da mutuncin da bai zube ba tukuna.

*

Da la'asar ya koma labo, ya tarar da Sidonie ta zo duba firiji, don ko an mutu nama ba ya jira. 'Yar ƙarama ce mai tabarau, idanunta jajur, bakinta kuma ba ya ajiye magana.

"Eh, na yi jifa da kujera," in ji ta tun bai gama tambaya ba. "Ya ce aikina bai nuna ba, in sake. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. In don wannan ake kashe malami, da ba sauran malami a Kamaru."

"Nuna mini yadda injin nan yake gane saniya da ɓauna."

Ta ja kujera zuwa gaban babbar kwamfuta. Ta ce ADN kamar dogon rubutu ne, kowace dabba da nata. Manhajar tana ɗaukar rubutun naman da aka kawo, ta gwada shi da na dabbobin da ke ma'ajiyarta. Amma ba ita ke yanke wa kanta hukunci ba, sai an saita mata abu biyu. Na farko, a wane rukuni za ta nema, dabbobin gida ko na daji ko duka. Na biyu, kamannin kashi nawa cikin ɗari za ta yarda da shi kafin ta ambaci suna. Norbert ya tsayar a casa'in da takwas, kuma ko uwarsa ce ta roƙe shi ba zai rage ba.

"Ƙofa biyu ake shiga," in ji ta. "Akwai baƙin allo, inda kake rubuta umarni da hannunka. Akwai farin allo mai akwatuna da maɓallai, ka danna kawai." Ta buɗe farin. Ga casa'in da takwas a akwatinsa, ga alama a kan rukunin gida da na daji. "Ka gani? Komai daidai. Ba wanda ya taɓa."

Abdulhalim ya ƙura wa allon ido. Ya san mutum ya zauna a kujerar nan da jini a ƙafarsa, ga shi allo yana ce masa ba wanda ya zo. Don dai kada ya tashi hannu rabbana, ya ce, "To nuna mini nawa. Ɓaunar Faro da na kawo wa Norbert fatarta, da gwanki, da mariya."

Shekara da shekaru yana kawo wa Norbert gashi da fata da kashin dabbobi daga daji, saboda ma'ajiyar da ta zo da manhajar ta Turawa ce, ba ta san dabbobin nan sosai ba. Da su ne Norbert ya gina tasa ma'ajiyar ya haɗa da injin. Sidonie ta rubuta sunan, ba komai. Ta sake, ba komai. Yatsunta suka tsallaka baƙin allo da kansu, suka yi ta gudu, sai kuma suka tsaya cak.

"Mon Dieu. An danna réinitialiser."

"Yi mini Hausa."

"Farin allon nan yana da tsegumi. Duk lambar da aka taɓa rubutawa a akwatin nan yana riƙe ta, in ka danna sai ya jero maka su. In daga farin allo kake, hanya ɗaya ce ta goge su: wannan jan maɓallin, wanda ke mayar da komai yadda ya fito daga masu ƙera shi. Amma ba lambobi kaɗai yake sharewa ba, har da mahaɗin ma'ajiyar Norbert, wanda ba a ganinsa a fuskar allo. Wani ya danna, sannan ya sake rubuta casa'in da takwas don a ga kamar ba a taɓa ba."

"Ke da za ki goge lamba ɗaya, yaya za ki yi?"

"Layi ɗaya ne a baƙin allo. Mahaukaciya ce ni in kwance aikin shekaru saboda lamba ɗaya?"

Wannan sawu ne da Abdulhalim ya sani. Mafarauci in ya tsorata yakan ja reshe mai ganye a bayansa ya share sawunsa, ya manta reshen yana share na zabi da na tururuwa. Sai ka iske wuri fes a tsakiyar daji, kuma tsabtar ce ke nuna maka inda ya bi.

Sidonie ta zaro filashi daga zoben makullanta, ta mayar da mahaɗin. Bayanan naman Brahim suna nan a injin. Ta sa su, aka jira, fanka tana kaɗawa. Allo ya ce saniya, kamanni kusan ɗari bisa ɗari.

"To ta yaya ta zama ɓauna?" in ji Abdulhalim.

Sidonie ta koma farin allo. Ta cire alamar rukunin gida, ta bar na daji kaɗai. Ta rage lambar zuwa casa'in da biyar, injin ya ce bai sani ba. Ta rage zuwa casa'in, bai sani ba. Ta rubuta tamanin da biyar. Ɓauna.

"Dangi ne," in ji ta a hankali. "In ka ɓoye masa saniya, ka ce ya yi sassauci, zai ba ka 'yar uwarta. In kuma ka juya, ɓauna ta zama saniya, ta wuce kasuwa da hatiminmu."

"Wa ya yi gwajin ranar?"

"Norbert yana Poli tare da kai, da ya dawo ya sa hannu kawai. Ni da Thierry muka rage. Shi zai ce ni ce, ni zan ce shi ne."

Abdulhalim ya fita waje ya dafa dalbejiya ya yi amai. Kunya da baƙin ciki suka lulluɓe shi. Yayansa da ya goye shi, ya ciyar da shi da wuƙar nan, ya rantse masa da Allah, shi kuwa ya ƙi yarda, ya yarda da lambar da wani ya rubuta da yatsa biyu.

*

Washegari da safe, kafin a ɗauki gawa zuwa coci, Eugène ya tara su a ɗakin ciki na labo: Thierry cikin baƙar kwat, Sidonie, Flore, da Albertine tare da Michel. Samari sun biyo su sun cika ƙofar waje, ana jin ƙarar baburansu. Abdulhalim ya raɓe a bango da filasta a gira. Bai gaya wa kowa abin da suka shirya shi da Eugène ba, har Sidonie.

Eugène ya sosa ƙeya kamar yaron da ya fasa tulu. "Kafin mu fara, ku rufa mini asiri. Ɗazu na zauna ina taɓe-taɓe a injin nan, na rubuta wasu lambobi a wannan akwatin, yanzu sun ƙi fita. Procureur, mai gabatar da ƙara, yana hanya, in ya gani zai ce na lalata shaida. Monsieur Thierry, kai ne babba. Goge mini su, ya koma yadda Norbert ya bar shi."

Thierry ya yi murmushin wanda aka zo gonarsa. Ya zauna, ya kai kibiya kan jan maɓalli ba tare da ya nema ba, ya danna. Ya rubuta casa'in da takwas. Ya sa alama a gida, ya sa a daji. Ya juyo da kujera.

"Voilà. Daidai yadda marigayi ya bar shi."

Sidonie ta toshe baki da hannu.

"Daidai?" in ji Abdulhalim.

"Exactement."

"To patron, kira mini ɓaunar Faro."

Thierry ya rubuta. Ba komai. Ya sake rubutawa, ya buga maɓalli da ƙarfi. Gumi ya karyo masa daga ƙarƙashin kunne.

"Ba haka Norbert ya bar shi ba," in ji Abdulhalim. "Haka muka same shi jiya. Haka wanda ya zauna a kujerar nan da jini a takalmi ya bar shi ranar Lahadi, yana tsammanin ya gyara. Sidonie ta san jan maɓallin nan yana kwashe dabbobin Norbert, ba za ta taɓa shi ba. Hamma Brahim bai san ma akwai shi ba. Mutum ɗaya ne ya iya injin nan daidai gwargwadon da zai yi wannan kuskuren."

Sidonie ba ta jira umarni ba. Ta ture hannun Thierry, ta sa filashinta, ta kira naman Brahim a gaban Albertine. Saniya. Ta cire rukunin gida, ta rubuta tamanin da biyar. Ɓauna. Albertine ta karanta kalmomin biyu da bakinta, ta sake karantawa.

Daga lungu Flore ta yi magana. "Wuƙar nan... ranar Asabar da na goge durowa tana ciki. Tsoro na ji."

Thierry ya miƙe. Kan ka ce kwabo ya fizgi doguwar kwalbar awo ya fasa a gefen tebur, ya kai wa Sidonie suka a wuya. Abdulhalim ya jefa hannunsa tsakani. Gilashin ya shiga daga gwiwar hannu ya tsarga har wuyan hannu, jini ya yi tsartuwa a kan allo. Thierry ya bangaje Eugène, ya take Flore, ya fita da gudu, ya manta abin da ke jira a ƙofar waje. Albertine ta biyo shi tana kururuwa.

"Shi ne! Thierry ne! Shi ya kashe Norbert!"

Samarin ba su ɓata lokacin mamaki ba. Sarƙar da ta sauka a kan Brahim ita ta sauka a kan Thierry. Aka kayar da shi, aka yage kwat ɗin, wani ya fasa masa baki da dutse, haƙora suka zube a ƙasa. Tayar nan da fetur ɗin nan da aka tanada don asibiti suna ɗaure a bayan babur, aka kwanto su.

Abdulhalim ya kutsa da hannu yana zubar jini, ya faɗa a kan Thierry ya rufe shi da jikinsa. Ba tausayi ba ne, don a ransa ya fi kowa son ya ga ƙaton nan yana ci da wuta. Amma in Thierry ya mutu bai yi magana ba, rabin Garwa za su ci gaba da cewa mahauci ne, an dai rufa. Sanda ta sauka a bayansa, wata a haƙarƙari, ya ji wani abu ya ɓalle a ciki. Fetur ya jiƙa masa riga.

"Michel!" Albertine ce ta tsaya a kansu, ta buɗe hannuwa. "Jiya kun kusa ƙone wanda bai yi komai ba, da yawuna. Ya isa. Ina so in ji daga bakinsa."

Suka ji kuwa. A nan ƙasa, da bakin da ba haƙora, Thierry ya faɗa. Ya daɗe yana mayar da ɓauna saniya saboda wani ɗan kasuwa mai manyan motocin kai nama kudu. Brahim ne ya tashi a taron mahauta ya ce naman arhar nan da ke shigowa na daji ne, shi ya sa aka juya masa saitin don a rufe masa baki. Ihun Brahim ya hana Norbert sukuni har ya sake gwajin da kansa a baƙin allo. Ranar Lahadi ya kira Thierry ya ba shi dama ya kai kansa, don girman shekarunsa. Wuƙar tana cikin durowa, kusa da hannu.

Ba wanda ya je asibiti daga maƙabarta ranar, sai Albertine. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin da Brahim yake, ta kasa shiga, ta ajiye kwanon abinci ta tafi.

*

Da aka ɗinke hannun Abdulhalim aka naɗe masa ƙirji, ya lallaɓa zuwa gadon yayansa. Brahim ya farfaɗo. Fuskarsa ta kumbura, ido ɗaya ne ke buɗuwa. Hannun damansa yana kan matashi, an naɗe shi da bandeji, kuma naɗin ya ƙare a inda yatsu ya kamata su fara. Likita ya ce ba abin da za a iya cetowa a cikinsu.

"Hamma, sannu."

Abdulhalim ya zauna a gefen gadon.

"An kama wanda ya yi. Ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a. Ba mai sake taɓa ka. Za a buɗe maka rumfa." Ya matso kusa. "An sake gwada naman, Hamma. Saniya ce."

Idon nan ɗaya ya juyo ya tsaya a kansa.

"Injin ne ya gaya maka?"

"Eh."

"Madalla," in ji Brahim. "Ni ma na gaya maka, tun ina da hannu."

Ya juya fuskarsa bango. Abdulhalim ya ɗauki kofin kunun da ke kan durowa, ya ɗebo a cokali ya miƙa, ya riƙe a nan har kunun ya huce.